Jinsunan Masu Aikin XMPP da Yadda Ake Gane Su

XMPP buɗaɗɗiyar ƙa'ida ce ta aika saƙon nan-take, wadda ba mallakar kowa ba ce, kuma duk mai so yana iya rubuta manhajar da za ta yi aiki da ita ba tare da neman izini ko biyan ko sisi ba. Wani Ba'amurke, Jeremie Miller, shi ya fara aikin a 1998 da sunan Jabber, ya sanar da duniya a farkon 1999. A watan Oktoba na 2004 hukumar IETF mai tsara ƙa'idojin intanet ta buga tushen a takardu biyu, RFC 3920 da RFC 3921, sannan a Maris na 2011 aka maye gurbinsu da RFC 6120 da RFC 6121. Tsarin irin na imel ne. Kowa yana da adireshi mai siffar suna@gida, gidan kuwa uwar garke ce, wato kwamfutar da ke karɓar saƙo ta miƙa shi gaba. Manhajar mutum tana shiga gidanta ta ƙofa mai lamba 5222, gidaje kuma suna gaisawa da juna ta 5269. Duk abin da ke kai-da-komo a tsakani da XML ake rubuta shi, kuma iri uku ne kacal: saƙo, sanarwar ko mutum yana nan, da tambaya mai jiran amsa.

Tushen ke nan, kuma ƙarami ne. Sauran abubuwan da jama'a ke nema a manhajar hira, irin su zaure, hoto, kira da tarihin tsohuwar magana, suna cikin daftarorin ƙari da ake kira XEP, waɗanda sun haura 400. Wata gidauniya ce ke kula da su, wadda aka kafa a 2001 da sunan Jabber Software Foundation, ta koma XMPP Standards Foundation a 2007. Tana da majalisar mutum biyar da ake zaɓa duk shekara. Majalisar na iya amincewa da daftari, amma ba ta iya tilasta wa kowa ya yi aiki da shi, ba ta kuma iya korar kowa, tunda yawancin ma'aikatan ba wanda ya ɗauke su aiki. Gari ne mai alƙalai da malamai birjik, babu dogari ko ɗaya. Daga wannan rashin dogari jinsunan mutanen da ke biye suka tsiro.

Na farko a daraja, a ganin kansa, shi ne Malam Daftari. Aƙidarsa ita ce duk matsalar da ta shiga takarda an gama da ita. Idan wani ya koka cewa hoton da ya aika bai isa ba, Malam Daftari ba ya tambayar wace waya ce ko wace manhaja. Lamba yake bayarwa. "Ai akwai daftarinsa, 363 ne," in ji shi, ya ci gaba da kurɓar shayinsa. Bai yi ƙarya ba, domin XEP-0363 na 2015 shi ya tsara yadda ake ɗora fayil a uwar garke a tura wa abokin hira hanyar ɗauko shi. Ko manhajar mai kukan ta san da wannan daftari, ko uwar garkensa ta kunna shi, wannan a wurin Malam ba ilimi ba ne, aikin leburori ne. Yana iya kwana da kwanaki a kan kalma guda: shin abu kaza wajibi ne, mustahabbi ne, ko ganin dama? Tun 1997 takardar RFC 2119 ta rarrabe waɗannan darajoji, kuma a kansu aminai ke ɓatawa. Kowane daftari da gwaji yake farawa. In ya yi wata 12 ba a taɓa shi ba, a jingine shi. In ya yi sa'a ya zama tsayayye, amma ƙalilan ne ke kaiwa matakin kammalalle. Daftarin zaurukan hira, XEP-0045, tun 2002 ake morarsa, ya haura shekara 20, bai kai wannan mataki ba. A 2016 aka kawo XEP-0369 don ya gaje shi. Magajin ya yi ta kumbura har aka yanyanka shi zuwa daftarori da dama, tsohon kuwa na nan daram yana ɗauke da kusan dukkan zaurukan.

Malam Daftari yana raha, sai dai ba ya wuce sau ɗaya a shekara, kuma ita ma a rubuce take da lambarta. Tsarin gidauniyar ya ware nau'in daftari na barkwanci da ake fitarwa ranar 1 ga Afrilu. XEP-0183 ya yi bayanin yadda za a ƙulla kira daga zuciya zuwa zuciya ba tare da na'ura ba. XEP-0239 kuwa ya amsa wa masu cewa XML ya cika surutu da shawarar a mayar da komai sifili da ɗaya, sannan a rubuta kowane sifili da kowane ɗaya da XML.

Masu rubuta uwar garke ba su da yawa, kuma da harshen da suke aiki da shi ake gane su. Na ejabberd, wadda Alexey Shchepin ya fara a 2002, da Erlang suke rantsuwa, zancensu ba ya wuce miliyoyin mutane a lokaci ɗaya. Na Prosody, wadda Matthew Wild ya fara a 2008 da harshen Lua, da ƙanƙanta suke tinƙaho. Na Openfire suna da Java da haƙuri. Wanda ya fi su ban sha'awa shi ne abokin cinikinsu, Mai Gida Ƙarƙashin Gado. Wannan ya sayi 'yar kwamfuta mai girman tafin hannu, ya ɗora mata uwar garke, ya tura ta bayan akwatin kaya, daga ranar kuma ya zama mai cin gashin kansa a duniyar sadarwa. Masu rajista a gidansa uku ne: shi, matarsa, da wani adireshi da ya buɗe don gwaji. Na gwajin ya fi matar hira. Sau da ƙafa yake bin wani ma'auni mai gwada ko uwar garke ta cika ƙa'ida, ba ya barci sai ya ga kowane layi ya zama kore, ko da layin na wata hidima ce da babu wanda zai taɓa nema a gidan. Abokin gabarsa takardar shaidar tsaro ce. Tun ranar 19 ga Mayu, 2014, lokacin da masu gidaje da dama suka haɗa baki suka daina karɓar haɗin da ba a sirranta ba, gidan da takardarsa ta mutu ya zama saniyar ware. Ta kyauta da Let's Encrypt ke bayarwa kwana 90 take yi. Ya rubuta wata 'yar dabara mai sabunta ta da kanta, dabarar kuma tana aiki lafiya sai ranar da ya yi tafiya. Wani lokaci karamci kan motsa masa ya buɗe rajista ga kowa. Kafin mako ya zagayo masu tallan banza sun cika gidan, maƙwabta sun sa sunansa a jerin waɗanda ba a karɓar saƙonsu, shi kuma yana rubuta wasiƙun ban-haƙuri ga mutanen da saƙon nasa ba ya isa gare su.

A ɓangaren manhajar hira, jinsin da ya fi yawa shi ne Ɗan Ƙarshen Mako. Ya duba Gajim, Psi, Dino, Conversations da Monal, ya ga babu wadda ta yi masa, ya yanke shawarar rubuta tasa. Ranar farko manhajarsa ta shiga uwar garke. Ranar ta biyu ta aika saƙo, saƙon ya isa, ya zana mata tambari, ya raɗa mata suna. Daga nan ne ya buɗe daftarin zaure ya gano cewa mutum a zaure da laƙabi yake tafiya, laƙabin na canzawa, kuma uwar garke na iya fitar da shi ba tare da manhajarsa ta sani ba. Sai ya gano cewa saƙo ɗaya na iya zuwa sau uku: kai tsaye, ta kwafi daga wata na'urar, da kuma daga rumbun tarihi, kuma aikinsa ne ya gane cewa abu ɗaya ne. Ma'ajiyoyin manhaja na intanet cike suke da gawarwakin irin wannan aiki, kowace da jerin abubuwan da za a ƙara nan gaba, an yi wa biyu na farko alamar kammalawa.

Zahidi a baƙin allo yake hira, da Profanity, Poezio ko mcabber, ba hoto, ba linzami. Sitika a wurinsa bidi'a ce. In aka aiko masa da alamar dariya a kan saƙonsa, yakan nemi a faɗa masa da kalmomi abin da ya ba da dariyar. Ba ya cutar da kowa, sai a wurin muhawara, inda yake tambayar wa ke buƙatar kowace sabuwar hidima, alhali amsar ita ce kowa ban da shi.

Wanda ya fi kowa shan wuya shi ne Mai Manhajar Waya, kuma wuyarsa gado ce. An tsara XMPP a zamanin da mutum ke zama gaban kwamfuta, ya shiga hira, ya fita in ya tashi. Idan yana da na'ura biyu, kowace na da lambar fifiko daga -128 zuwa 127, uwar garke kuma ta kai saƙo wurin mai babbar lamba. Haka saƙon gaggawa kan sauka a kwamfutar ofis da aka bari a kunne, mai shi yana gida yana jira. Wayar hannu ta zo ta tona asirin wannan tsari. Sabis yana ɗaukewa a hanya, adireshin intanet yana canzawa, batir yana ƙarewa. Kowane rami da daftarinsa aka cike shi: XEP-0198 don a ci gaba daga inda haɗi ya yanke, XEP-0280 don kowace na'ura ta samu kwafi, XEP-0313 don uwar garke ta adana tarihi, XEP-0352 don waya ta ce tana aljihu a rage mata surutu, XEP-0357 don a tashe ta in ta yi barci. Dukkansu sai manhaja da uwar garke sun yarda tare suke aiki. A Android, manhajar Conversations da Daniel Gultsch ya fitar a 2014 ta nuna cewa abin na yiwuwa. A iPhone kuwa tsarin wayar yana sumar da manhaja jim kaɗan bayan an kauce daga kanta, ba ta farfaɗowa sai sanarwa ta biyo ta hannun Apple, don haka mai manhajar dole ya riƙe wata uwar garke ta daban, aikinta kawai tayar da masu barci. Ana gane wannan mutum da wayoyi huɗu a kan teburi, yana aika wa kansa "gwaji" daga ɗaya zuwa ɗaya, yana kashe sabis yana kunnawa. Ladansa tauraro ɗaya ne a shagon manhaja, daga wanda laifin na uwar garkensa ne.

Sarkin Kwaɗo bai yarda da kowa ba, har da uwar garken da shi ya kafa. Ya fara da tsarin sirranta saƙo na OTR na 2004, wanda ke buƙatar mutum biyu su kasance a kan layi lokaci ɗaya, kowa da na'ura guda. A 2015 wani ɗalibi, Andreas Straub, ya haɗa OMEMO a shirin bazara na Google, bisa dabarar sirranta saƙo ta Signal, daga baya ya zama XEP-0384. A nan kowace na'ura da mabuɗinta, kowane mabuɗi da tambarinsa mai harafi 64. Sarkin Kwaɗo yana ganin wajibi ne abokai su haɗu ido da ido su gwada tambarin kowace na'ura, ko da saƙon da za a aika bai wuce "ka sayo burodi" ba. In abokinsa ya sake waya, sai ya ɗauka an kama shi ne. Daga 2020 aka sake fasalin OMEMO, sabon kuma ba ya jin maganar tsohon, don haka manhajoji biyu na iya rantsuwa cewa suna da OMEMO su kasa karanta wa juna gaisuwa. Abin da mai karɓa ke gani shi ne wata 'yar sanarwa cewa an aiko masa da saƙon sirri amma manhajarsa ba ta iya buɗewa. Wannan a wurin Sarkin Kwaɗo nasara ce, tunda dai ba wanda ya karanta.

Mai Gada shi ne mafi tsufa a sana'ar, domin tun farko burin Jabber ya haɗa da bai wa mutum damar yin magana da na ICQ, AIM, MSN da Yahoo daga wuri ɗaya. Aikinsa leƙen yadda rufaffiyar manhaja ke magana, ya kwaikwaye ta. Kamfanin ya canza wani abu da dare, gada ta rushe, da safe ya sake ginawa. Ya binne abokan hamayya da yawa: Microsoft ya fara rufe MSN a 2013, AIM ya tafi a Disamba na 2017, Yahoo a Yuli na 2018, ICQ a Yuni na 2024. Gadojin suna nan, tsallaken ne babu. Yanzu da Slidge yake haɗa hanya zuwa WhatsApp da Telegram. Da dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa WhatsApp buɗe ƙofa ga wasu manhajoji daga Maris na 2024, ya yi murna har ya karanta sharuɗɗan shiga, waɗanda kamfanin ne ya rubuta.

Akwai kuma Mai Takaba, wanda agogonsa ya tsaya a Mayu na 2013. Google Talk ya fito a Agusta na 2005 a kan XMPP, a Janairu na 2006 ya buɗe wa sauran gidaje, har mai 'yar kwamfuta a bayan akwati ya samu damar hira da duk mai Gmail. Da Hangouts ya zo a 2013 aka rufe wannan hanya. Facebook ma ya bari a shiga hirarsa da manhajar XMPP daga 2010, ya janye a 2015. Ko zancen ruwan sama ake yi, Mai Takaba zai kawo shi nan. Ƙaninsa shi ne Mai Raddi. A Mayu na 2016 Moxie Marlinspike na Signal ya rubuta cewa tsarin gidaje masu zaman kansu yana daskarar da ƙa'ida, domin ba mai iya sa kowa ya canza lokaci ɗaya, ya kuma kafa misali da XMPP. Mai Raddi yana rubuta amsa tun daga lokacin. Hujjojinsa masu kyau ne, sai dai rabin abokansa ba su ga amsar ba, saboda manhajarsu ba ta goyon bayan daftarin da ya aiko ta da shi. Su biyun suna haɗuwa a kan maƙiyi ɗaya, Mai Rusau, wanda ke ganin XML ne tushen duk wata masifa, a rushe a sake gini da JSON. Wasu daga wannan jinsi sun koma wata ƙa'idar hira, Matrix, wadda aka fara a 2014, inda suka tarar da nasu Malam Daftari yana jiransu da lambobinsa.

Mai Wa'azi ba ya rubuta manhaja sosai, jama'a yake kawowa. A wurin biki yake karɓar wayoyin dangi ɗaya bayan ɗaya yana saka musu manhaja. Tambayar da ke kayar da shi ta gwaggonsa ce: "To ɗan nan, su wa ke ciki?" Yakan ce shi yana ciki. Ta ce ai tana da lambarsa. Domin irinsa aka haɗa Snikket a 2020, inda ake aika wa mutum gayyata ya danna ya shiga, ba tare da an tambaye shi wace uwar garke yake so ba, tambayar da ta kori mutane fiye da kowace tangarɗa. Duk da haka, daga ranar da ya saka wa dangi manhajar ya zama ma'aikacinsu na dindindin, ba albashi, kuma ta WhatsApp suke kawo masa ƙorafi.

Ƙorafi shi ma yana da mutanensa. Mai Ƙorafi yana rubuta "ba ya aiki", ya tafi. Ba ya faɗin wace manhaja, wane bugu, wane gida. In aka matsa masa, sai a tarar bugun da yake riƙe da shi ya girmi rabin daftarorin da ake magana a kai. Mai amsa masa shi ne Malam Lafiya Lau, wanda amsarsa ɗaya ce: "Ni a wajena yana aiki." Wannan ba rashin kunya ba ne kawai, tsarin ne ya ba shi mafaka. Saƙo ɗaya yana ratsa hannu huɗu: manhajar mai aikawa, uwar garkensa, uwar garken mai karɓa, da manhajar mai karɓa. Mutane daban-daban suka rubuta kowace, wasu daban suke kula da ita, kuma kowa na da daftarin da zai nuna cewa shi ya bi ƙa'ida. Sau da yawa dukkansu huɗun suna da gaskiya, saƙon kuma ya ɓata. In aka rasa wanda za a ɗora wa, Malam Lafiya Lau yana da kalma ta biyu: "Ƙofa a buɗe take, ka rubuto gyaran."

Babban Baƙo ba ya zuwa zaure, ba ya muhawara. Kamfani ne da ya ɗauki ƙa'idar ya shige gida ya kulle. WhatsApp a kan ejabberd da aka yi wa kwaskwarima ya fara. Hirar Zoom, ta wasan Fortnite da ta League of Legends duk sun jingina da XMPP, Jitsi Meet kuma da Prosody yake shirya taronsa. Masu aikin ƙa'idar suna lissafa waɗannan sunaye da alfahari a duk jawabi, ko da yake ba ɗaya daga cikinsu da zai iya aika wa ɗan wasan Fortnite gaisuwa daga adireshinsa.

Na ƙarshe shi ne Magaji, wanda bai ƙirƙiri komai ba, amma komai a wuyansa yake. Wata rana ya ga ƙaramin kuskure a manhajar da yake amfani da ita, ya aika gyara. Aka gode masa. Ya aika na biyu, sai mai aikin na asali, wanda ya daɗe yana neman hanyar tsira, ya miƙa masa mabuɗan ma'ajiya ya ɓace. Tun daga nan shi ke karanta ƙorafi, shi ke sabunta tsofaffin sassa in harshen rubutun ya canza, shi ke sasanta Zahidi da masu son sitika. Wani lokaci gadon ta hanyar ɓallewa yake zuwa, kamar yadda Slixmpp ta fito daga SleekXMPP ta ci gaba bayan uwar ta tsaya. Kuɗin shigarsa gudummawar da ba ta kai kuɗin wuta ba ce, sai in ya dace da tallafin gidauniyar NLnet ta Holan, wadda ta ɗauki nauyin ayyukan XMPP da dama. Ana ganinsa a Brussels a lokacin sanyi, a taron masu ƙa'idar da ake yi gab da taron FOSDEM, yana zaune kusa da soket yana gyara wani abu yayin da Malam Daftari ke jawabi. Duk matashin da ya zo ya ce masa ya taɓa aiko da gyara, Magaji yana karɓarsa hannu bibbiyu, ya saya masa shayi, ya tambaye shi cikin natsuwa ko yana da niyyar aiko da na biyu.